Ƙugiyar ƙ da shafin shagon Kawu

Kawuna na da shagon shadda da atamfa a kasuwar Kejetia, gida kuma a Aboabo muke. Bara ya ce in yi masa shafin intanet, domin abokan cinikinsa na Tamale da Bawku su riƙa ganin kaya da farashi ba sai sun shigo mota zuwa Kumasi ba. Ya ce a sa Hausa da Turanci, a ɗan taɓa Twi, wato Tonanci kamar yadda muke cewa a zango.

Na shiga Google Fonts, rumbun salon haruffa na Google, na zaɓo zubin haruffa har uku, ɗaya mai lanƙwasa irin na katin biki. A kwamfutata komai ya zauna daram. Da na kai masa, sai ya ciro wayarsa itel, ya nisanta ta da ido, ya ce, "Ɗana, wannan baƙi ne ko baki? Me ya sami harafin tsakiyar?"

Na karɓa na duba. Ƙugiyar tana nan, amma ƙ ɗin ta fita dabam da 'yan'uwanta, siririya, kamar an yi wa shadda faci da atamfa. Haka ɓ da ɗ. A sashen Tonanci ma ɛ da ɔ sun karkace, alamar sidi kuɗin Gana kuwa, ₵, a wata tsohuwar waya ta zama akwati fanko. Dalilin shi ne wanda ya zana zubin bai zana waɗannan haruffa ba, sai wayar ta aro su daga wani zubin da ke cikinta. Idan babu inda za ta aro, akwati take nunawa. Akwai kuma laifina: garin rage nauyi na ɗauko rukunin haruffan Turanci zalla, alhali namu suna cikin faɗaɗɗen rukunin Latin.

Abin ya tsaya mini a rai. Da yawa cikinmu mun saba rubuta Hausa ba ƙugiya a WhatsApp, har muna ganin ba komai. Ni dai ban yarda ba. Ƙafa dabam, kafa dabam, kuma mai sayen yadi ya cancanci ya ga harshensa a tsaye da kyau kamar yadda mai Turanci ke ganin nasa.

Na watsar da ukun nan. Na gwada Andika, wanda SIL, ƙungiyar nazarin harsuna, ta tsara don masu koyon karatu, na gwada Noto Sans na Google, wanda sunansa ma daga ƙudurin kawar da akwatunan nan ya samo asali. Duka biyun suna da haruffanmu, manya da ƙanana. Na tsaya kan Noto Sans, kauri biyu kawai, na kanun magana da na jikin rubutu, a tsarin WOFF2, wato fayil matsatse marar nauyi, don kada shafin ya cinye wa mutane data. Yanzu kafin in amince da kowane zubi, layi ɗaya nake fara bugawa: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ɛ ɔ ₵.

Sai batun girma. Na ɗaga rubutun zuwa fiksel 18, na buɗa tazarar layuka zuwa ninki 1.5 na girman rubutun. Launin toka-toka da na sa a kan fari kuwa, tsakar rana a bakin shago ba ya ganuwa sam, na mayar da shi baƙi sosai.

Na koma bayan sallar La'asar na miƙa masa wayar. Ya karanta farashin shadda tun daga sama har ƙasa bai nemi tabarau ba, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Tura wa mutanen Bawku."