Yammacin Asabar a Kufena

Tun hantsi nake kan wata babbar riga mai aska takwas, ta wani bawan Allah da zai aurar da ɗansa makon gobe. Kai a sunkuye, allura na shiga tana fita, har bayan wuyana ya fara zafi. Da aka kira la'asar na naɗe rigar, na ja ƙofar shago. Aiki kam da saura, amma yammacin Asabar na ware shi musamman domin jin daɗi, ni da iyalina, kuma in ba rasuwa ko rashin lafiya ba, babu abin da ke karɓe mini shi.

Kawu na zaune a dakalin ƙofar gida yana jan carbi. Da ya ji ƙarar babur ya ce, "Kai, har an tashi? Ina zuwa?" Na durƙusa na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya Kawu, dutsen Kufena zan kai su shan iska." Ya girgiza kai. "Mu a zamaninmu mai ɗinki ba ya hutawa sai ranar da ido ya ƙi." Maganar ta taɓa ni, don nasa idon ya riga ya ƙi. Tun yana saurayi yake surfani a cikin birnin nan na Zariya, rigunansa sun je Kano, sun je Ilori, yau ko zare ba ya iya zura wa allura. Ya taɓa gaya mini bai taɓa hawa dutsen nan ba, ga shi kuwa kusa da gari. Kullum cewa yake sai an samu sarari.

Muka bi ta Wusasa, uwargida a baya, auta a gabana tana riƙe da madubi. A bakin hanya muka tsaya wurin wata dattijuwa mai gasa masara. Sabuwar masara ce ta bana, ƙwayarta da ruwa-ruwa, tana fifita garwashin da faifai tana juya ta da yatsu ko zafi ba ta ji. Ta naɗe mana a cikin ɓawonta. Ban ci a kan babur ba. Wannan yana cikin abin da na koya wa kaina: abu mai daɗi a zauna a ci shi, a san ana ci.

Ba mu hau can ƙololuwa ba saboda yarinya. Muka samu wani fa mai faɗi, na cire takalmi, ɗumin ranar da dutsen ya sha yana ratsa tafin ƙafata. Ruwan sama ya taru a ƴan ramuka, auta na tsoma hannu tana ihu. Daga nan ana hango gonakin dawa sun fitar da kai, da itatuwan rimi da suka yi wa gidajen birni zarra. Idon da ya yini a kan zare tazarar taƙi ɗaya, yau ya samu nisan da zai miƙe. Uwargida ta ba ni labarin bikin ƙanwarta tun daga farko, na saurara har ƙarshe ban duba waya ba. A gida da wuya hakan ta samu.

Wani malamin jami'a daga Samaru da nake wa ɗinki ya taɓa ba ni labarin Epikurus, masanin Girka da aka haifa shekara 341 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda yake koyar da almajiransa a wani lambu a birnin Atina. Shi a wurinsa jin daɗi ne manufar rayuwa, amma daɗin da yake nufi shi ne burodi da ruwa ga mai jin yunwa, da abokai, da kwanciyar hankali. Ban yarda da shi a kan manufar ba, mu mun san don bauta aka halicce mu. Amma a Suratul Ƙasas, aya ta 77, an ce kada ka manta da rabonka na duniya, kuma Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i cewa ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka, Annabi (SAW) ya gaskata shi. Haƙƙi kuwa biyan sa ake yi da niyya, ba a jira ya biya kansa.

Mutanenmu da sun ji an ce jin daɗi sai hankalinsu ya tafi kan shashanci ko almubazzaranci. Ni abin da na kashe yau bai wuce kuɗin mai da na masara ba. Abin da na gani a jikina kuwa, tun da na fara wannan tsari, shi ne ranar Lahadi hannuna ya fi sauri, ba na yawan warware ɗinki, kuma yaran shago sun daina shan tsawa a banza. Har sallata ta fi natsuwa in ban zo mata a gajiye liƙis ba.

Muka sauko kafin magariba, na yi jam'i a wani masallacin bakin hanya. Asabar mai zuwa zaɓin uwargida ne. Ta ce tsire take so a Tudun Wada, kuma ta ce lallai mu nemi Keke Napep mu tafi da Kawu.