Kujerar baya

Alhamis, bayan isha'i.

Yau muka cire kujerar baya ta tsohuwar motar Baba, Fijo 504, don mu ɗaura mata kejin ƙarfe irin na motar tsere. Da a ce da azahar na zauna rubutun nan da kun sha labari mai daɗi, don abin da na yi wata biyu ina ɗagawa ne aka gama cikin rabin awa. Amma yanzu dare ya yi, kuma Baffa ya riga ya zo ya tafi.

Hunturu ya sauko da ƙarfinsa tun asuba. Hazo har ba a ganin rumbunan bayan gida. Auta ya ƙi fitowa daga bargo, sai da na ce to ni kaɗai zan tayar da injin, sannan ya diro ko takalmi babu. Koko da ƙosai a tsaye. Mai walda ya ce ƙarfe takwas, ya iso goma saura, yaronsa a bayan babur rungume da janareta kamar an ba shi riƙon jaririya. Ban ce uffan ba. Mutumin da ya yarda ya rufe shagonsa a Gumel ranar kasuwar Maigatari saboda haukar wani, ba a yi masa ƙorafin lokaci.

Har yanzu dai yana jin haushina a kan maganar ƙarfe. Shi a ganinsa faif ɗin ruwa ya isa, ga shi da araha, ga shi ko'ina. Na sake yi masa bayanin da na yi masa sau uku: kejin da ake ɗaurawa cikin motar tsere, idan mota ta kife, shi ke hana rufi ya sauko kan mutum. Faif ɗin ruwa falle ne aka naɗe aka ɗinke ta gefe guda, in ya ji nauyi ta wurin ɗinkin yake buɗewa, ga kuma farin shafen nan na jikinsa da in wuta ta taɓa, hayaƙinsa ke kwantar da mai walda da zazzaɓi. Marar ɗinki ake so, faɗin milimita 45, kaurin jikinsa biyu da rabi. Sai da na yi sawu uku a Ƙofar Ruwa kafin na samu, kuma a can Kano na sa aka lanƙwasa mini babban bakan da inji, ba tare da an gasa shi ba. Shi kuwa so ya yi mu ɗura masa yashi mu kai shi wuta, yadda yake yi wa ƙafar gado. Ya ce, "Alhaji, mota ce ko jirgin sama?" Na ce in ta kife ai duk ɗaya ne.

Babban bakan yana tsayawa ne daidai bayan kujerun gaba. Daga samansa ƙafafu biyu ke gangarawa baya su dafa kan tudun tayoyi, sannan wani ƙarfen ya ratsa a karkace. Duk ta inda kujerar baya take suke bi. Shi ya sa babu makawa sai ta fita.

Abin da muka tarar a ƙarƙashinta kuwa! Ƙwallayen dabino sun fi ashirin. Ƙwayar carbi guda uku, baƙaƙe. Safar jariri ƙafa ɗaya. Sheƙar ɓera da aka yi da soson kujerar kanta. Sai tsabar kuɗi, kwabo goma-goma biyu da ashirin da biyar ɗaya, sun yi kore. Auta ya juya su a tafin hannu ya tambaye ni ko kuɗin Nijar ne. Tsatsa ta ci ƙasan motar wuri guda, kamar faɗin tafin hannu, a ɓangaren dama, sauran kuwa garau. Mai walda ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kaɗa kai, ya ce ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne. A nan kaɗai muka yi ittifaƙi yau.

Yara suka kinkimi kujerar suka kai ƙarƙashin darbejiya. Kafin azahar sun je Makka sun dawo sau biyu a kanta, Auta ne direba, da murfin tukunya.

Bayan la'asar Baffa ya sauka daga kan acaɓa, da igiyar awakinsa a naɗe a hannu, alamar an sayar. Na taso na gaishe shi.

"Baffa, kun dawo lafiya? Ya kasuwa?"

"Kasuwa ta yi halinta. Sannunku da aiki."

Ya zagaya motar a hankali, hannu a baya, kamar mai taya sa. Ya leƙa ta taga ya daɗe. Mun riga mun tsayar da bakan da ƙafafunsa, an ɗan ɗiga musu walda don su riƙe.

"Wannan kuma kejin kaji ne ko na mutane?"

Kowa ya yi dariya, har ni. Kuma da ma a nan na tsaya. Amma kun san ni, an taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Na zaro waya na nuna masa hoton, na shiga zuba. Na ce Baffa, wannan motar da kuke gani irin ta Baba ce sak, Peugeot 504 mai ƙofa huɗu, ita ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, wani mutumin Suwidin mai suna Ove Andersson ne ya tuƙa ta. Na ce tseren nan tun 1953 aka fara shi, don murnar naɗin Sarauniyar Ingila, kuma a shekarun 1970 lokacin Ista ake yin sa, sa'ar da damina ta kankama a can, tafiyar sama da kilomita 5,000 cikin taɓo irin na fadamar Haɗeja. Na ce a 1963 mota bakwai kacal suka kai ƙarshe, kuma 404, yayar wannan, ita ce a gaba; ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. Na ce a 1978 ma wata 504 ɗin ce, mai ƙofa biyu da fulogi shida, a hannun Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas. Har na ƙara da abin da na fi so a duk labarin, wato a shekarar da ta ci Safari, 1975, a ita aka fara haɗa Fijo a Kaduna.

Ya saurara, ban ce bai saurara ba. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa yana ƙyafta ido. Ya tambayi fitilun da aka jera a gaba, na ce don tafiyar dare ne. Ya tambayi farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin injin, na ce don kada dutse ya fasa tukunyar baƙin mai. Na gaya masa a wancan zamanin har mariƙi da matakala suke sa wa motocin Safari ta baya, in ta kafe a taɓo sai abokin tafiyar direba ya fita ya hau, ya yi ta tsalle don tayoyin baya su kama ƙasa. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai.

"Ashe Turawa ma suna da yaron mota."

Ya miƙo mini wayar. Sai ya ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"To ita wannan, in an gama, mutum nawa za ta ɗauka?"

"Biyu, Baffa."

"Biyu."

"Direba da mai karanta masa hanya."

"Mai karanta hanya. Daga nan zuwa Gumel wa ya taɓa ɓata?"

Mai walda ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai yar ba. Baffa ya dafa rufin motar, ya share ƙura da yatsa biyu, ya duba yatsun.

"A hannun Yaya na ƙirga mutum tara a cikinta, ban da goyo."

Ban sami abin cewa ba. Ya juya wajen darbejiya, inda yara ke ta hawa da sauka. Ya daɗe yana kallo, har na ɗauka tsawa zai yi musu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kada dai a bar ta ta kwana a waje. Awaki za su cinye soson." Na ce a kawo masa shayi, ya ce ya sha a kasuwa. Ya tafi da igiyarsa.

Tun daga nan aikin ya fita raina. Na bar mai walda ya tattara kayansa tun rana ba ta faɗi ba.

Kuma haushi na fara ji, ba kunya ba, gara in faɗi gaskiya. Shekara nawa motar nan ta yi a kan duwatsu a bayan gida, kaji na ƙwai a mazaunin direba, tayoyi sun zama turɓaya? Babu wanda ya zo ya tambayi mutum nawa za ta ɗauka. Da masu sayen ƙarfe suka zo da sikeli, ni kaɗai na tsaya na ce ba za a yanka ta ba. Ni na sauke injin, ni na yi ta yawon neman zoben fistin, ni na ci bashin lagireto. Yanzu da ta fara numfashi kowa ya tuna tarihinta. Kuma garin nan ba garin da ba ne da mota ɗaya ke kai mai naƙuda asibiti, ta kai amarya, ta ɗauko taki. Yau ga Golf, ga Sharon, ga babura kamar fari. Ba wanda zai rasa abin hawa don na cire kujera.

Abin da nake so mutane su gani ma daban ne. Mu a nan jaki muka ɗauki Fijo, a lafta mata buhuna, a cusa mutane har but, ta tafi ba ta ce komai ba. Alhali abin da ya sa take jure wannan wahalar shi ne ya sa ta ci Safari: ƙafafunta na da nisan lotsawa, ta faɗa rami ta fito ba ta karye ba, ga sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya a ɓoye cikin bututu, dutse bai isa gare ta ba, ga injin fulogi huɗu da kowane bakanike na bakin titi ya san cikinsa. Jakin nan ya taɓa tsere da dawakai ya wuce su, ba wanda ya gaya mana. Na so ko sau ɗaya a ga motar Baba da wannan fuskar, fara tas, da lamba a ƙofa da fitilu a goshi, tana tayar da ƙura a hanyar burji.

Duk wannan na shirya a raina zan gaya wa Baffa gobe bayan masallaci. Har na fara jin daɗin yadda maganar ta tsaru.

Bayan magariba na shiga gaida Hajiya. Tana ɓarar gyaɗa a faifai, rediyo na ta surutu a gefe. Ba ta ɗago ba.

"Na ji an fitar da kujera."

"Eh, Hajiya. Ƙarfen ne ba zai shiga ba sai an cire ta."

"To."

Ta ɓare guda uku ko huɗu. Sannan ta ce, da muryar da take tambayar ko an ba tumaki ruwa:

"A kanta aka kwantar da shi ranar da za a kai shi Kano. Baffanka ne ya riƙe kansa a cinya. Ba su kai Gezawa ba. Kai kana makaranta."

Ta ci gaba da ɓararta.

Na san a hanya Baba ya cika. Tun ina ɗan makarantar kwana na san haka, da kalmar nan aka gaya mini, "a hanya", kuma ni ma da ita nake gaya wa mutane. Ban taɓa tambayar a wace mota ba. Ban san me ya sa na ɗauka motar asibiti ce ba, alhali na san garinmu a wancan lokacin. Shekara da shekaru ina shiga ina fita cikin motar nan, na san kowane noti nata, na san lambar injinta da ka, ban san wannan ba. Shi kuma Baffa ya tsaya ina karanta masa sunayen Turawa da shekaru, ga kujerar can yara na tsalle a kai, maganar awaki kawai ya yi.

Na fita da tocila. Ni da Auta muka jawo ta zuwa zaure, muka jingina ta da bango, na rufa mata tsohuwar tabarma. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ledar ta tsage wuri biyu, kuma gefen dama ya fi lotsawa, ko da yake wannan na iya zama aikin buhuna ne.

Na koma wajen motar na auna da igiya, ko akwai dabarar da keji da kujera za su zauna tare. Babu. Ko da an matsa ta shiga, duk wanda ya zauna a baya kansa na dab da ƙarfe, birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fasa masa goshi. Sai dai ɗaya ya haƙura. Ɗigon walda huɗu ne ke riƙe da bakan yanzu, minti goma ya isa a yanke su. Ranar Asabar in aka zagaye shi da wuta, shi ke nan.

Fitilun har yanzu ba su iso ba. Kafireta na nan tana ɗigar mai. Kuɗin da muka tsinta na zuba a gwangwanin madara na ɗora kan taga, Auta ya ce nasa ne.

Ɗazu mai walda ya kira, yana tambaya ko ya sayo ƙarin sandunan walda tun gobe, kada Asabar ta zo a tsaya nema. Na ce ya dakata tukuna, zan kira shi in an sauko daga Juma'a.