Seleniyom tsakanin ƙarfe da kabon

Tun ina ɗalibin kimiyyar sinadarai nake ganin ba a yi wa seleniyom adalci a aji, domin malami kan ce shi ɗan'uwan kibiritu ne mai lamba 34 a jadawalin sinadarai, daga nan sai a wuce. Abin da ya sa nake yawan komawa kansa shi ne halinsa biyu: idan ya kama ƙarfe yakan riƙe shi gam, idan kuwa kabon ya kama, riƙon sako-sako ne.

A shekarar 1817 Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, ya binciki wata laka ja-ja da ke kwantawa a masana'antar asid ɗin kibiritu ta Gripsholm. Da farko ya zaci teluriyom ne, wani sinadari mai kama da shi da aka riga aka sani, da ya tabbatar sabon sinadari ne sai ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin wata. Har yau mafi yawan seleniyom daga irin wannan laka ake samunsa, a wurin tace tagulla, inda yake manne da tagulla da azurfa. Idan aka haɗa shi da kadmiyom da kibiritu ana samun jan launin da ake rina gilashi da shi, da tutiya kuma ana yin tabarau mai ruwan ɗorawa na na'urorin leza, sannan yana cikin wani nau'in farantin sola tare da tagulla da indiyom da galiyom.

Ɓangaren kabon ya fi ɗaukar hankalina. Löwig, wani masanin sinadarai Bajamushe, shi ne ya fara haɗa seleniyom da kabon a 1836, amma masana sun daɗe suna gudun wannan fanni saboda tsananin warin sinadaransa. Ɗaurin kabon da seleniyom bai kai na kabon da kibiritu ƙarfi ba, kuma a wannan raunin amfaninsa yake. A 1973 Sharpless da Reich, masana sinadarai biyu a Amurka, suka nuna cewa ana iya ɗora seleniyom a kan sinadari, a ba shi iskar oksijin, sai ya fice cikin sauƙi ya bar ɗauri biyu tsakanin ƙwayoyin kabon. A shekarar ce kuma aka tabbatar cewa enzayim (wato furotin mai hanzarta ayyukan sinadarai a jiki) ɗin nan glutathione peroxidase, mai kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, da seleniyom yake aiki. Furotin 25 ne a jikin ɗan'adam ke ɗauke da shi, alhali buƙatar baligi kimanin maikurogiram 55 ce kawai a rana (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Idan ya yi yawa, gashi da farce sukan lalace, numfashin mutum ya riƙa warin tafarnuwa, saboda jiki yana ɗaure shi da kabon ya fitar da shi ta huhu.

Inda halayen biyu suka yi karo shi ne a kan zaiba. Zaiba ta fi son seleniyom a kan kibiritu nesa ba kusa ba, kuma idan suka haɗu sukan zama baƙin ma'adinin da kusan ba ya narkewa, wanda ake samun ƙananan ƙwayoyinsa a hantar dabbobin teku irin su dolfin. A jikin mutum kuwa, zaibar takan manne wa seleniyom ɗin da ke cikin enzayim ta hana shi aiki, kuma masana da dama suna ganin wannan na daga cikin hanyoyin da take illata ƙwaƙwalwa.

Wannan ne ke zuwa mini a rai duk lokacin da na tuna masu haƙar zinare a Zamfara da yammacin Nijar, waɗanda ke cuɗa garin dutse da zaiba da hannu, su ɗora curin a wuta, zaibar ta tashi ta bar zinare. Tururinta ba shi da launi kuma ba shi da wari, shi ya sa mai ƙonawa da yaron da ke tsaye kusa da shi suke shaƙarsa ba su sani ba. Shan ƙwayar seleniyom ba kariya ba ce gare su, domin tazarar da ke tsakanin abin da jiki ke buƙata da abin da ke cutar da shi ƙarama ce ƙwarai. Abin da ke rage haɗarin shi ne ƙonawa a cikin rufaffiyar tukunya mai bututu, wadda ke sanyaya tururin ya koma ruwan zaiba, nesa da gida da wurin girki.