Fulogi ba ya ficewa daga inji haka kawai

Direban da fulogi ya taɓa fice masa yana cikin gudu ba ya manta ƙarar. Tau ɗaya ce kamar an harba bindiga a ƙarƙashin bonet, kuma da yadda hanyoyinmu suka zama yanzu, fasinja ba sa jiran bayani, kowa sunkuyawa yake. Sai inji ya koma fat-fat-fat, warin fetur ya cika mota, ƙarfi ya tafi. In an lallaɓo ta garejinmu a nan Jega, tambayar farko ita ce: "Maigida, mi ya hwashe? Injin ya tashi aiki ko?" Yawanci injin lafiyarsa lau. Ramin fulogi ne ya lashe, kuma kusan kullum hannun mutum ne ya fara lashe shi tun watanni kafin ranar.

Motocin da muke fama da su, Golf da Sharan na haya da Corolla, top ɗinsu, wato murfin saman inji inda ake ɗaura fulogi, na alminiyom ne, shi kuwa fulogi ƙarfe ne mai tauri. In aka yi gardama tsakanin su biyu, tiredin top, wato haƙoran ramin da ake murɗa fulogi a ciki, shi ne ke ci baya. Ramin da aka fi samu faɗinsa milimita 14 ne, tsakanin haƙori da haƙori milimita 1.25, to waɗannan 'yan haƙoran su ke riƙe da duk bugun da ke faruwa cikin silinda. Inji yana juyi 3,000 a minti, kowane fulogi na ba da wuta sau 25 a daƙiƙa. In fulogi bai zauna daram ba, kowane bugu sai ya ɗan girgiza shi, iska mai zafi ta riƙa bi ta gefe tana cin alminiyom, har ranar da babu abin da ya rage zai riƙe shi.

Yana ba da sanarwa kafin ya tashi. Za ka ji tik-tik-tik da safe in inji na sanyi, mutane su ce salansa ce ke yoyo ko bawul ne ke kuka. Wanda ya duba fulogi a lokacin, sifana kawai zai sa ya huta.

Rashin ɗaurewa ke nan. Amma abin da na fi gani shi ne wuce gona da iri. Yaro ya sa sifana, ya ƙara mata bututu, ya danna da ƙarfinsa duka don kada maigida ya ce bai ɗaure ba. NGK, masu yin fulogin, sun ce mai milimita 14 a top na alminiyom ɗaurin nuton-mita 25 zuwa 30 a sifana mai awo ya ishe shi. Wanda ba shi da sifana mai awo, ya murɗa sabon fulogi mai washa (zoben ƙarfe a gindinsa) da hannu har ya zauna, sannan ya ƙara da sifana rabin zagaye ko sama kaɗan. Sai kuma kwance fulogi inji na da zafi, wanda direbobin tasha suka fi kowa, don lodi na jira. Alminiyom mai zafi ya fi laushi, fulogin kan fito da haƙoran ramin a jikinsa. Ga ƙurar hunturu da ke taruwa a bakin ramin, ba a hure ta ba a cusa sabo a kai. Ni dokar da na kafa wa yarana ita ce zagaye uku na farko da yatsu ake yi. In ya ƙi shiga da yatsu, a karkace yake, a fito da shi.

Akwai dai inda laifin na kamfani ne. Injunan Ford da ake kira Triton, masu lita 4.6 da 5.4 da kuma 6.8 mai silinda goma, waɗanda suka fara fitowa a 1997, sun yi ƙaurin suna a Amurka kan tofar da fulogi. Haƙora kamar huɗu kacal aka yi wa ramin. In ya tashi, har koyil ɗin da ke kansa, mai ba shi wuta, yake fasawa. Daga baya Ford ta ƙara tsawon tiredin, ta kuma yarda a riƙa gyara ramin da bushi, wato ɗan bututun ƙarfe mai tiredi ciki da waje, maimakon canza top. Mai sayen tsohuwar bas ko a-kori-kura ta Ford ya san da wannan.

Ba mota kaɗai ba. In rani ya kama, manoman shinkafa na fadamun Argungu da Suru kan kawo injin ban-ruwa da ciwo iri ɗaya, don su kullum sai sun kwance fulogi sun goge baƙi sun mayar, a tsakiyar gona, da hannu mai laka. Haka 'yan kabu-kabu masu Boxer.

Gyaran da nake ƙi shi ne na gefen hanya: a naɗa wa fulogi wayar tagulla ko a shafa gam a tura. Zai kai ka Koko, wataƙila Yauri, amma yana ƙara yage ramin, ya mai da ƙaramin aiki babba. Gyaran kirki shi ne a buɗa ramin kaɗan, a yanka sabon tiredi, a zaunar da bushin ƙarfe wanda cikinsa daidai yake da fulogi na asali. Akwai Heli-Coil, waya ce murɗaɗɗiya, akwai kuma irin Time-Sert, dunƙulallen bushi mai baki da ke kulle kansa daga ƙasa. Na fi son dunƙulallen, don fulogi abu ne da za a yi ta kwancewa, ita kuwa wayar wani lokaci takan biyo shi waje. Tsawon bushin dole ya yi daidai da na fulogi, mai milimita 19 ba a sa masa gajere.

Ana iya yin aikin top na kan mota, amma sai da natsuwa. A juya inji har bawul duka su rufe, fistin ya ɗan sauka. A cika abin yankan tiredin da giris don ya kama ɓarɓashi, a yanka kaɗan, a fito a goge, a koma. An gama a hure silinda da iska sosai, a buga sitata ba fulogi sau biyu. Abin da ya fi komai wuya shi ne miƙewa, don rami karkatacce ba ya riƙe iska ko da wane bushi aka sa.

Ina sauke top ne in ramin ya taɓa shan gyara ya sake lashewa, ko akwai tsaga tsakaninsa da mazaunin bawul, ko guntun farin fulogi ya faɗa ciki. Nan sai a kai wa masu injin yankan ƙarfe su cike da walda ta alminiyom su sake hudawa, a duba ko fuskar ta lanƙwashe, a sa sabon gasket. Wani Alhaji ya ce mini gara ya sayi top na Belgium ya huta. Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara sutura, amma wanda za ka saya ma wani ya yi shekaru yana ɗaure masa fulogi, ba mu san da wane hannu ba." In za a saya, a tafi da fulogi a aljihu, a gwada ramukan ɗaya bayan ɗaya da yatsu kafin a biya kuɗi.