Tsohuwar da ta fi 'yan sanda sanin gari

Akwai wani irin littafi da na daɗe ina so in yi muku maganarsa, wanda idan na faɗi yadda yake wasu za su ce anya kuwa? Labarin kisan kai ne fa, amma ba irin mai hana ka barci ba. Ana kashe mutum a babi na biyu ko na uku, yawanci ma ba a gabanka ba, sai dai kawai a tarar da gawa a ɗakin karatu ko a bayan lambu, babu jini faca-faca babu dogon bayanin yadda aka yi masa, daga nan kuma sauran littafin duk hira ce da shan shayi da tambayar waye ya ga wane da ƙarfe nawa, waye ya ce yana gida alhali an hango shi a bakin hanya. Wanda zai gano mai laifin kuma ba ɗan sanda ba ne, ba shi da bindiga ba shi da kaki. Wata tsohuwa ce mai saƙa, ko mai gidan burodi, ko wasu dattawa da suka yi ritaya.

Uwar wannan layi ita ce Miss Marple ta Agatha Christie, marubuciyar Ingila ɗin nan da ta rayu daga 1890 zuwa 1976. Ta fara fito da ita ne a wani gajeren labari a 1927, sannan cikakken littafi na farko The Murder at the Vicarage ya fito a 1930, gaba ɗaya littattafai 12 ta yi a kanta ban da gajerun labarai. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a wani ɗan ƙauye da marubuciyar ta ƙirƙira mai suna St Mary Mead, aikinta saƙa da gyaran fulawoyi da kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa, wanda kuma in kana kallon tsuntsu ai dole ka ga wanda ya shiga gidan maƙwabta. Christie da kanta ta ce ta ɗebo wani abu na halinta daga kakarta da ƙawayen kakar, tsofaffin da kullum mummunan zato suke wa mutane kuma sau da yawa sai zaton ya tabbata.

Labarin farkon nan nata shi ne ya sa na kamu da son ta, bari in ɗan ba ku, wanda bai karanta ba ya yi haƙuri zan ɗan ɓata masa. An taru ne a falonta da daddare, akwai ɗan 'yar'uwarta marubuci, akwai lauya, akwai malamin coci, akwai wata mai zane, ga kuma tsohon shugaban Scotland Yard gaba ɗaya, wato hedkwatar 'yan sandan London. Suka ce kowa ya kawo wani al'amari mai rikitarwa a ga wa zai warware. Ita mai gidan ma da farko ba a lissafa da ita ba, tana gefe da zarenta da allurarta. Sai tsohon ɗan sandan ya kawo labarin mutum uku da suka ci abincin dare tare, miji da matarsa da wata mai taya matar zama, duk cikinsu ya ɓaci, amma matar gidan ce kaɗai ta mutu. An ga wasu kalmomi da mijin ya rubuta, kowa ya ɗauka lissafin kuɗin gado yake yi. Manyan nan kowa ya kawo nasa hasashen, duk suka faɗi. Ita kuwa ba ta ko ɗaga kai sosai ba ta ce ai wannan ba maganar kuɗi ba ce, sunan 'yan ƙananan alawar nan ne da ake barbaɗawa a saman kayan zaƙi, a ciki aka sa gubar, mijin ya kankare nasa ya ajiye, ɗayar matar kuma tana rage ƙiba ba ta ci ba. Kuma ta tausaya wa yarinyar aikin gidan da mijin ya yaudara ya sa ta aikata.

To kun ga abin da nake so ke nan. Maza masu ilimi da muƙami sun kasa saboda ba su taɓa shiga kicin ba. Ita duk iliminta na zama da mutane ne, shekara da shekaru tana kallon yaron mai nama da matar mai shago da 'yar aikin gidan likita, ta ga yadda mai ƙarya yake yi da idonsa, ta ga yadda kwaɗayi ke canja mutum, shi ya sa duk wanda aka kawo mata labarinsa sai ta ce yana tuna mata da wane na ƙauyensu da ya yi kaza, mutane su yi ta murmushi suna ganin tsufa ne ya sa ta surutu, can sai a ga ashe kan gaskiyar ta taka. Kuma rainin da ake mata shi ne makaminta, don ba wanda yake ɓoye bakinsa a gaban tsohuwa mai saƙa. In sufeto ya shigo kowa kama kansa yake, ita kuwa a gabanta ake sakin zance.

Wani abu da yake burge ni da marubutan zamanin can shi ne sun ɗauki abin kamar amana tsakaninsu da mai karatu. A 1929 wani malamin coci marubuci Ronald Knox ya jera dokoki goma na irin wannan labari, daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon littafi, ba a yarda da aljanu ko wani abin tsafi ya zo ya warware matsala ba, ba a yarda da wata guba da duniya ba ta sani ba, kuma duk alamar da mai bincike ya gani dole a nuna wa mai karatu ita. Ma'ana kai ma an ba ka duk abin da aka ba ta. Shi ya sa karatun yake zama kamar tsintar tsakuwa a shinkafa, kana bi a hankali kana ware abin da bai dace da wurin ba, in ka kai ƙarshe aka faɗi sunan sai ka koma baya shafi arba'in ka ga wallahi ga shi nan an faɗa maka ƙarara kai ne ka wuce. Ita Christie ma maganar guba ba da ka take yi ba, ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a garinsu Torquay lokacin yaƙin duniya na farko, a can ta san abin da kowane magani yake yi in ya yi yawa.

Daga baya Amurkawa suka karɓa suka faɗaɗa abin sosai, yanzu kusan duk sana'ar da ka sani akwai jerin littattafanta, mai shagon littattafai, mai ɗinki, mai kiwon kyanwa, Joanne Fluke ma tun 2000 take rubuta na wata mai gasa biskit a wani ƙaramin gari a Minnesota har da yadda ake haɗa biskit ɗin a tsakanin babi da babi. A talabijin kuma Murder, She Wrote ya yi shekara 12 ana nuna shi daga 1984 zuwa 1996. Gaskiya ba duka ne masu kyau ba, da yawa daga na yanzu in ka karanta biyu ka karanta ɗari, tun daga babi na huɗu ka san waye.

Amma akwai wanda ya taɓa ni sosai cikin na baya-bayan nan, The Thursday Murder Club na Richard Osman da ya fito a 2020. Tsofaffi huɗu ne a unguwar 'yan ritaya a Ingila, Elizabeth da ta yi aikin leƙen asiri, Joyce tsohuwar nas, Ron tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago, sai Ibrahim likitan ƙwaƙwalwa, duk ranar Alhamis suna haɗuwa su buɗe tsofaffin fayilolin kisan da 'yan sanda suka kasa, har ranar da aka yi na gaske a kusa da su. Za ka yi dariya sosai. Sai dai a cikin dariyar nan mijin Elizabeth yana fama da ciwon mantuwa, tana kallo yana zame mata kaɗan-kaɗan tana ɓoye wa mutane, kuma dukkansu sun san sauran kwanansu ba yawa. Ni a wajena wannan ne amsar masu cewa littattafan nan wasa da mutuwa suke yi.

Don ƙorafin ba sabo ba ne, kuma ba na raina shi. Tun 1944 marubucin Amurka Raymond Chandler ya caccaki irin wannan rubutu na Ingila, a ganinsa ana kawo gawa ne kawai don a samu wasan ƙwaƙwalwa, ba kamar yadda kisa yake a titi da dalilansa na gaske ba. Mu da muke jin labarin rasa rayuka kusan kullum a rediyo, wannan magana tana da nauyi, rai ba abin wasa ba ne. Ni ma akwai littattafan da na ajiye saboda an mayar da mamacin kamar ba ɗan kowa ba, ba mai kuka ba mai ta'aziyya. Amma masu kyaun cikinsu ba haka suke ba. Abin da suke cewa shi ne mutum ɗaya ya mutu a ƙauye, kuma ba za a bar maganar ta bi iska ba, sai an san wanda ya yi ko da kuwa shi ne mai kuɗin garin, ko da 'yan sanda sun kama wani talaka sun rufe fayil. Akwai wata da za ta ƙi yarda, ta ci gaba da tambaya har gaskiya ta fito. Wanda ya taɓa ganin an yi zalunci an ce a bar wa Allah saboda ba yadda za a yi, zai gane dalilin da ya sa zuciya take samun sanyi da irin wannan ƙarshe.

Abin da na daɗe ina tambayar kaina, me ya hana marubutanmu na Hausa shiga wannan layi sosai? Ga marubuta mata nan birjik a Kano da Kaduna da Katsina da Zinder, ga masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ga masu karatu kuma ba adadi, amma mafi yawa soyayya ce da kishiya da uwar miji, in abu ya rikice kuma sai a nufi wajen boka ko aljani ya bayyana ya faɗi komai. Alhali irin Miss Marple kowace unguwa akwai ta. Mai kitso da kan kowace mace yake bi ta hannunta tana jin zancen gida-gida, dillaliya da ta san wacce ta sayar da ɗankunnenta a ɓoye da dalilin sayarwar, unguwarzoma, uwar adashi da ta san wanda aljihunsa ya yi nauyi kwatsam.

Na san akwai wahala ɗaya. Mu in an yi rasuwa kafin la'asar an kai mutum makwancinsa, ba a son a taɓa gawa, kuma kwana ya ƙare shi ne maganar da ke rufe bakin kowa, to labarin da ya dogara da binciken gawa zai yi wuya ya zauna a Fagge ko Tudun Wada. Amma ba dole sai kisa ba. Ku duba Mma Ramotswe ta Alexander McCall Smith, wanda littafin farko ya fito a 1998, mace ce a Gaborone ta ƙasar Botswana da ta sayar da shanun da mahaifinta ya bar mata ta buɗe ofishin bincike ba tare da ta taɓa zama 'yar sanda ba, kuma yawancin abin da ake kawo mata ba kisa ba ne, miji ya ɓace, wani ya zo ya ce shi ne uban wata alhali an daɗe da cewa ya mutu, likita yau ya iya aiki gobe kamar bai taɓa shiga aji ba. Tana shan shayinta tana sauraro, ta hau 'yar farar motarta ta je ta gani da idonta.

Haka za a iya yi a nan. A ce ana biki, gida ya cika, an buɗe lefe da yamma kowa ya gani, da safe sarƙar gwal ta ɓata daga akwati na uku kuma makullin yana ɗaure a bakin zanin gwaggon amarya tun jiya. Nan take aka ɗora wa 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, har an fara maganar a kira 'yan sanda. Sai Iya mai kitso da ta kwana a gidan tana yi wa ƙawayen amarya ta ce a dakata tukuna, don ita ta lura akwai wadda lallen hannunta ya goge ta gefe ɗaya alhali an ƙunsa wa kowa lokaci guda an ce kar wadda ta motsa. Sharaɗin dai shi ne marubuciya ta nuna mana gogaggen lallen nan tun a shafi na goma, a tsakiyar hayaniyar rabon goro da alawa inda ba wanda zai kula, kuma in ta tashi tona asirin kar ta kira boka.