Layi ɗaya a Vim da ya cinye min kwana uku

Har yanzu in na tuna sai inji gabana ya faɗi, shi yasa nace gara in rubuta tun abin na da zafi, ko wani zai tsira daga abinda ya same ni.

Wata Hajiya ce marubuciya ta bani aiki, labari ne mai tsawo da ta daɗe tana sakewa kashi-kashi a WhatsApp, yanzu tana so a haɗa shi waje guda a gyara a kai maɗaba'a. Duk a waya ta rubuta, to kun san yadda rubutun waya yake, wani wurin k' da d' da b', wani wurin kuma ba komai kawai kasa ko dan ko bera, mai karatu ne zai gane da kansa. Aikina in maida su ƙ da ɗ da ɓ na gaskiya. Na kai shekara biyu ina aiki da Vim (manhajar gyara rubutu da ake sarrafawa da umarni a keyboard) a laptop ɗina, hannuna ya saba, umarnai irin su dd da yy da p da ciw duk bana ma tunani kafin in danna, dan haka da na kalli fayil ɗin sai nace a raina wannan ai aikin yamma ɗaya ne.

Farkon lafiya lau. :%s/k'/ƙ/g wato umarnin da ke maida duk k' na cikin fayil ƙ, sannan na d' da na b' da manyansu, cikin minti biyar an gama. Na haɗe babi-babi, na goge layukan gaisuwar 'yan guruf da :g/ sannan J wajen haɗa layukan da waya ta kakkarya. Kwana biyu ina wannan kuma duk a fayil ɗaya, ban ajiye kwafi ba.

Daren na biyu ne na iso kan kalmomin da basu da alama ko kaɗan. Na lura dan ya cika littafin, dan uwa, dan sarki, dan kasuwa, sai kawai na rubuta :%s/dan/ɗan/g na danna Enter. Vim ya faɗa min a ƙasa cewa ya canza wuri sama da dubu, wallahi har daɗi naji, ban tsaya na tambayi kaina ta yaya za a samu ɗan sama da dubu a littafi ɗaya ba. Na cigaba da wasu gyare-gyaren kusan awa biyu, bacci ya kama ni, nayi :wq wato na ajiye na fita daga fayil, na tura mata na kwanta.

Da safe ƙarfe bakwai bata yi ba ta kira. Ko gaisawa bamu gama ba tace "Kai yaron nan me kayi wa littafina?" nace ranki ya daɗe lafiya, tace in buɗe shafin farko in karanta da bakina. Na buɗe. Duk idan ya koma iɗan, gidan ya koma giɗan, dangi ɗangi, dangane ɗangane, dandali ɗandali. Wannan duk bai kai wanda ya ɗaga mata hankali ba. Ita irin masu rubuta dan Allah ce a maimakon don Allah kamar yadda yawancinmu ke yi, to duk inda wata baiwar Allah a cikin labarin take roƙo, umarnina ya saka mata lanƙwasa a kan d ɗin, ya maida maganar wata magana daban da musulmi baya faɗa. Subhanallah. Tace da ace bata duba ba ta miƙa wa masu bugawa a haka da sunanta a bango, me zata ce wa jama'a. Ban da amsa, haƙuri kawai na dinga bata.

Na koma kan kwamfuta hannuna na rawa na danna u mai soke canjin da aka yi, Vim yace babu abinda zai dawo dashi. Anan na gane abinda ban taɓa damuwa dashi ba, tarihin u yana mutuwa ne da zarar ka fita daga fayil sai in ka saka set undofile a .vimrc ɗinka, wato fayil ɗin saitin Vim. Abin nan yana nan tun Vim 7.3 da ya fito a 2010 zamanin Bram Moolenaar wanda ya ƙirƙiri Vim na raye yana jan ragamar aikin, layi ɗaya ne tal, ni kuma shekara biyu ina ta gyara kalar fuska da lambobin layi ban saka shi ba. Da yana nan da sai in koma baya da :earlier in kalli yadda fayil ɗin yake kafin ɓarnar, in ajiye shi da wani suna in kwatanta su biyun. Kai ko bashi, da ban fita ba a daren da :earlier 2h ya isa.

Tunanin da ya fara zuwa min shine in juya umarnin, ɗan ya koma dan. Allah ya taimake ni na tsaya kafin in danna, domin hakan zai kwashe har da na gaskiyar da na riga na gyara daga d'an, da waɗannan da ɗanye da ɗanɗano, duk su koma yadda suke. Mai kyau da maras kyau sun riga sun cakuɗe, babu wani umarni ɗaya da zai iya tsince su. Komawa asali kuma yana nufin in sake kwaso saƙonni ɗaya bayan ɗaya daga WhatsApp in zubar da aikin kwana biyu.

Abinda ya cece ni wata dabara ce da ban taɓa gwadawa ba sai ranar. Na ajiye kwafi da wani suna (yanzu kam na koyi yin kwafi), a cikin kwafin nayi :%s/\s\+/\r/g kowace kalma ta koma layinta, sai :v/ɗan/d ya goge duk layin da babu ɗan a ciki, sai :sort u ya jera su ya cire maimaici. Daga wuri sama da dubu sai gashi ina kallon jerin kalmomin da basu fi shafi biyu ba. Na bi su da ido, wanda ba daidai ba kamar giɗan da iɗan da ɗangi na maida su ɗaya bayan ɗaya a babban fayil amma wannan karon da \< da \> a gefe da gefe, misali :%s/\<giɗan\>/gidan/g, wato kalmar ita kaɗai ba guntunta a cikin wata ba. Da na san wannan alamar tun farko da rabin bala'in bai faru ba.

Rabi nace, saboda abinda ya fi bani haushi shine ko da na saka \< \> a daren nan da ba zai hana matsalar dan Allah ba, tunda nan dan ɗin kalma ce mai zaman kanta. Haka dan me, dan haka, dan kar, duk don ne ba ɗa ba. Haka kasa, akwai ƙasa ta Najeriya akwai ya kasa tashi. Haka kara da ƙara, haka fada da faɗa. Vim bai jin Hausa, haruffa kawai yake gani, kuma a yarenmu lanƙwasa ɗaya tana raba ma'ana biyu da basu da alaƙa. Irin waɗannan dole ido ya gani. Shine amfanin c a ƙarshen umarni, :%s/\<ɗan\>/dan/gc sai ya dinga tsayawa a kowanne yana tambayarka, y ko n, in ka gaji q. Na san da c ɗin nan sarai, tun a vimtutor, darasin koyon Vim, na ganta, ganin dama ce kawai da gaggawa suka sa na barta. Harafi ɗaya fa.

Sauran kwanakin da n da ɗigo na ƙarasa su, kuma gaskiya yanzu na fi son wannan hanyar akan gc ɗin ma. Ka ɗora cursor, wato alamar da ke nuna inda kake a rubutu, a kan kalmar ka danna * shi da kansa yake neman cikakkiyar kalma, n ya kaika ta gaba, in ta gyara ce ka canza harafin farko da r sau ɗaya, daga nan duk wadda ka tarar sai ka danna . kawai ya maimaita, wadda ba ta gyara ba ka wuce da n. Abinda yasa nafi sonta kana iya tsayawa ka karanta jimlar sama da ta ƙasa kafin ka yanke hukunci, kuma kowane canji u ɗinsa daban, ba kamar :%s da yake haɗiye dubu a loma ɗaya ba. Dan sauƙin shigar da haruffan na saka digraph k' 409 d' 599 b' 595 a .vimrc, sai in danna r sannan Ctrl-k sannan k da ' ƙ ta fito. Kafin nan Ctrl-v u0199 nake ta bugawa, yana aiki amma da gajiya.

Akwai kuma n a ƙarshen umarnin canji, :%s/dan//gn baya taɓa komai ƙirgawa kawai yake ya faɗa maka adadi. Yanzu bana sakin wani :%s a rubutun mutane sai na fara ƙirgawa, sannan in kunna hlsearch mai haskaka abinda aka nema in zagaya shafi uku huɗu in ga me ya haskaka. Da nayi haka a daren nan da gidan na farko da zan gani a haske ya ishe ni.

Ranar ta uku da daddare na tura mata, na roƙe ta ta karanta babi biyar na farko kafin ta kai ko'ina. Washegari ta turo saƙon murya tace ta samu wuri biyu da suka rage, ɗaya fada ne da na maida faɗa alhali fadar sarki ake nufi, ɗayan kuma wani dan Allah ne da ta rubuta da babban D wanda ni da hannuna na ɓata shi ina gyara cikin bacci. Na gyara su na sake bin kalmar Allah da * tun daga gg har G, wato farkon fayil har ƙarshe, sannan na tura. Kuɗin aikin ta biya cif bata rage ko sisi ba, amma littafinta na biyu wani ta baiwa.