Jarin da Korona Ta Tsare a Aljihu

A farkon shekarar 2020 wani ƙanena ya gama shirin kafa ƙaramin kamfanin busar da tumatir da tattasai a nan Katsina, kuma wani Alhaji ɗan kasuwa ya yi alkawarin zuba masa jari, a kan a ba shi kaso a mallakar kamfanin. Irin wannan mai zuba jarin farko ya bambanta da banki, domin ba ya neman jingina, kuɗin aljihunsa yake sakawa tun sana'a tana rarrafe, idan ta mutu kuwa, asarar tasa ce.

Ranar 27 ga Fabrairu aka samu mai cutar korona na farko a Legas, a watan Afrilu ta ɓulla a Daura, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kulle garin. Da ƙanena ya kira Alhaji, amsar gajeriya ce: "Yi haƙuri, ɗana, a bari a ga abin da hali zai yi."

Ban ga laifinsa ba. Iyakar Jibiya tana rufe tun Agustan 2019, farashin dala a hukumance ya tashi daga naira 306 zuwa 360, ga yaran shago da iyalansu suna jiran abinci daga hannunsa. Abin da ya fi wannan illa, a ganina, shi ne yankewar haɗuwa. A wurinmu amana ake zuba wa kuɗi kafin takarda, ita kuwa a majalisar bayan La'asar da wurin ɗaurin aure take ƙulluwa, inda wani dattijo zai ce ya san mahaifin yaron. Kulle ya tashi waɗannan wurare, kuma attajirin Katsina ba zai miƙa miliyoyi ga fuskar da ya gani ta waya ba.

Kuɗin dai bai ɓace daga duniya ba, ya karkata ne zuwa sana'o'in da annobar ta ƙara wa kasuwa. A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas, mai harkar biyan kuɗi ta intanet, a kan sama da dala miliyan 200. Babban Bankin Najeriya ma ya ware naira biliyan 50 don magidanta da ƙananan sana'o'i, sai dai rance ne, ko an ci riba ko an faɗi sai an biya, shi ya sa ƙanena bai nema ba.

Bayan shekara guda Alhaji ya waiwayo da rabin abin da ya alkawarta, yana kuma neman kaso mafi girma. Ƙanena ya karɓa, domin kafin lokacin kuɗin injin busarwar ya riga ya tashi.